Madobiya Da Kanari A Hanyar Gashaka

Wannan mako zan kai ku wata ƙasa ce wadda galibinku ba ku taɓa takawa ba, watau ƙasar Gashaka cikin Jihar Taraba, can kusa da iyakar Kamaru. Zan kuwa ba ku labarin abu biyu da ke zaune a wannan ƙasa, ɗaya itace, ɗaya tsuntsu. Itacen shi ne madobiya, tsuntsun kuwa kanari. Su duka biyu da rawaya su ke ado, su duka biyu mutane sun yi kwaɗayinsu, an kwashe su da yawan gaske an sayar ƙasashen ƙetare. Amma yau kanari yana nan ko'ina, madobiya kuwa an rubuta sunanta cikin jerin abubuwan da a ke tsoron ƙarewarsu daga duniya. Dalilin wannan bambanci shi na ke so mu duba tare, don kuwa lissafi ne wanda kowace mace mai riƙon gida ta riga ta sani.

Hanyar Da Ƙasar

In mutum ya tashi daga Jalingo ya nufi kudu, zai wuce Sunkani ya isa Garba Chede, daga nan sai Bali, wadda ke bakin Kogin Taraba, kogin da jihar ta ci sunansa. Daga Bali hanya ta yi ta ratsa tsakanin duwatsu har Serti, garin Lamɗon Gashaka. Wanda ya zarce gaba sai ya kama hawan dutsen Mambila, inda a ke noman shayi sabo da sanyi. Ni dai a Serti na sauka, gidan wata goggona, cikin hutun makaranta na hunturu.

Wadda ta saba da ƙasar Kano ko Katsina za ta yi mamakin wannan wuri. Ruwan sama ya fi namu yawa, ciyawa da damina ta kan shanye tsawon mutum, koguna kuma ba su ƙafewa ƙarƙaf da rani. Doya da rogo da masara da shinkafa su ne cimar mutane. Dab da Serti ne babban gandun daji na Gashaka Gumti ya fara, wanda aka kafa cikin 1991. Shi ne mafi girma a Nijeriya duka, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne Chappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasarmu, mita 2,419. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan, wata rana za a tambaye ku.

Da hunturu an ƙone ciyawa, ƙasa ta yi baƙi, hazo ya lulluɓe duwatsu, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye. To, a daidai wannan lokaci ne madobiya ke yin kwalliyarta. Sai ta zubar da ganyenta duka, ta rufe rassanta da fure rawaya tun daga ƙasa har sama, yadda daga nesa sai ki ce amarya ce ta yafa mayafi. Ba kuwa wuyar ƙirga ta a wannan lokaci, tun da ba ta ɓuya. Abin da na gani daga cikin mota shi ne ɗaya can bisa dutse, sai a yi tafiya mai nisa kafin a hango wata. Kusa da hanya kuwa, inda mota ke iya shiga, kututture ya fi yawa.

Madobiya

Bari in kwatanta muku ita, don ku gane ta in kun gamu. Itace ne matsakaici, galibi ƙafa 40 zuwa 50. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi, ya tsattsage kamar bayan kada. In an sare shi kaɗan sai wani jan ruwa ya tsattsafo kamar jini, ya bushe ya zama ƙaro. 'Ya'yanta kuwa abin kallo ne: ɗan faifai mai faɗin murfin ƙaramin gwangwani, gefensa sakayau kamar takarda don iska ta ɗauka, tsakiyarsa duk tsinin ƙaya kamar bushiya. Ƙwayar iri tana can ciki. Tana fitowa tun daga Senegal har Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, a ƙasashen da ke tsakanin kurmi da Sahel.

Madobiya dangin wake da gyaɗa ce, watau saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Furenta abincin ƙudan zuma ne a lokacin da fure ya yi wuya. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare sarai, ita ce ke fid da sabon ganye, Fulani su hau su sassaro wa shanu. A Bamako ta ƙasar Mali har kasuwa a ke kai ganyen, masu kiwon raguna su saya. Da jan ƙaron da ɓawon a kan yi rini da magungunan gargajiya. Icen kuwa mai nauyi ne, cikinsa ja-ja mai zane, gara ba ta cinsa da sauƙi. A ƙasashen Mali da Gini da shi a ke yin balafon, wani abin kiɗa na jerin ƙananan katakai da a ke bugawa da 'yan sanduna. A ƙauyukanmu kuma da shi a kan yi turmi da taɓarya da kujera da ginshiƙin ɗaki.

Wata safiya ina taya goggona surfe, na ji turmin da nauyi ainun, na ce, "Goggo, wannan na wane ice ne?" Ta ce, "Madobiya ce, 'yata. Da shi aka kawo ni gidan nan, ga shi har na aurar da 'ya'ya bai tsage ba." Kun ji irin ƙarkon icen.

Kanari

A tsakar gidan nan kuwa, bisa bishiyar mangwaro, kullum da hantsi sai ki ji kanari yana ta zuba waƙa. Shi ba sai na tsawaita kwatance ba, kowa ya san shi. Iri biyu mu ke da su. Akwai mai ruwan toka da farin ƙugu, wanda ya fi yawa can arewa, wajen su Kano da Sakkwato da Maraɗi. Akwai kuma mai rawayan ciki da rawayan gira, bayansa tsanwa-tsanwa, wanda ya fi son ƙasa mai itatuwa irin ta Gashaka. Wannan na biyun shi na ke nufi. Tsawonsa bai wuce inci 5 ba, nauyinsa kuwa bai kai na ƙaramin ƙwan zabo ba. Namijin ne gwanin waƙa. Abincinsa 'ya'yan ciyawa, da ɗan gero ko acca da ya zube a masussuka, da ƙananan ƙwari.

Sabo da daɗin muryarsa ya shiga uku da samari. Su kan sa wani kanarin cikin keji mai ƙofar tarko, su rataye a reshe. In ya yi kuka sai na daji ya zo dubawa, ƙofa ta rufe da shi. Ba a gida kaɗai ya tsaya ba. An yi shekaru da yawa ana cika akwatuna da shi daga Afirka ta Yamma, musamman Senegal da Mali da Gini, ana kai wa masu sha'awar tsuntsaye a Turai. Yana cikin tsuntsayen da aka fi ciniki a duniya. Wannan ciniki bai ja baya ba sai cikin 2005, sa'ad da ƙasashen Tarayyar Turai su ka hana shigo da tsuntsayen daji don tsoron murar tsuntsaye, kana cikin 2007 su ka mai da hanin na dindindin. Duk da wannan ɗiba, ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu yanzu. Ana samunsa a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Har waɗanda aka kai tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Pasifik, su ka kuɓuce daga keji, sun hayayyafa sun zama 'yan gari.

Yadda Aka Yi Da Madobiya

Labarin madobiya ya bi wata hanya dabam. A ƙasar Sin akwai wasu kujeru da gadaje da akwatuna na jan katako, irin na sarakunansu na dā, waɗanda su ke kira hongmu. Mallakarsu alamar arziki ce. Da mutanen Sin su ka yi kuɗi sai kowa ya so nasa. Cikin shekara ta 2000 hukumarsu ta fid da jerin itatuwa 33 waɗanda a ka yarda a kira katakonsu da wannan suna, madobiya kuwa tana ciki. Da irin waɗannan itatuwa su ka yi ƙaranci a dazuzzukan Asiya, sai fatake su ka juyo Afirka ta Yamma. Aka yi ta sara a Gambiya da kudancin Senegal da Gini Bisau da Togo da Binin da Gana. In ta ƙare a wata ƙasa, ko hukuma ta hana, sai a matsa gaba.

Wajen 2013 abin ya iso Nijeriya. Aka fara ta wajen Kogi, kana aka gangaro Taraba da Adamawa. Masu sara su ka laƙaba mata sabon suna, wai Madrid. Garba Chede ɗin nan da na ambata ta zama babbar matattara. A shiga daji da zarto mai inji, a kā da itace, a yanke gindin, a sassaƙe farin bayan a bar jan cikin, a yi watsi da rassa nan su bushe. Daga nan a loda manyan motoci sai Ikko, a zuba cikin kwantena, jirgin ruwa ya ɗauka. Cikin 'yan shekaru kaɗan Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace aika wa Sin irin wannan katako.

Cikin 2016 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da manyan laifuffuka ya nuna cewa, a cikin kayan daji da aka kama hannun 'yan sumoga a duniya, jan katako irin wannan ya fi hauren giwa kuɗi, ya fi ƙahon karkanda. A wannan shekara kuma aka yi taro a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, na ƙasashen da su ka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda ke tsare cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe. Aka ƙulla cewa daga farkon 2017 ba mai fid da madobiya sai da takardar izini mai nuna ba a yi wa daji illa ba. Cikin 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoto cewa gumagumai fiye da miliyan 1.4 daga Nijeriya sun shiga Sin da takardun da a ka rubuta bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Cikin 2018 a ka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, IUCN kuma ta sa ta cikin itatuwan da ke cikin haɗarin ƙarewa. Cikin 2022 a ka faɗaɗa dakatarwar ta haɗa da sauran ƙasashen da ta ke fitowa. Ku duba fa, daga fara sara a ƙasarmu zuwa shigarta wannan jeri, shekara biyar ce kacal.

Ba zan zagi samarin ƙauye da su ka shiga wannan aiki ba. Mutum yana zaune ba sisi, a zo a nuna masa kuɗi a kan itacen da ya tashi ya gani a banza, mai ƙin karɓa sai mai ƙarfin hali. Wasu sun sayi babur, wasu sun yi rufin kwano, wasu sun yi aure. Amma abin da ya shigo hannunsu ɗan ƙanƙani ne in an gwada da abin da a ke sayar da kujera guda a can. Babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare, shanun Fulani kuma sun rasa ganyen bazara.

Lissafin Kaza Da Saniya

To, me ya sa a ka ɗebi kanari shekara da shekaru bai ƙare ba, a ka ɗebi madobiya 'yan shekaru ta tasam ma ƙarewa?

Uwargida, in baƙo ya sauka, kaza ki kan sa a yanka, ba ki cewa a kā da saniya. Kin san kaza kwana 21 ta ke yi bisa ƙwai, kafin shekara ta kewayo tsakar gida ta sake cika. Saniya kuwa sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta yi ɗan fari, cikinta wata tara, ɗa guda. Kanari shi ne kazar daji. Macen ta kan saƙa 'yar sheƙa kamar ƙaramin ƙoƙo, ta yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta kwana 13 ko 14 ta ƙyanƙyashe. Cikin kamar mako uku 'ya'yan sun tashi, baɗi war haka su ma sun isa yin tasu sheƙar. Ko shaho ya ci rabonsa, maciji ya ci nasa, mai tarko ya kama nasa, sauran da su ka tsira sun isa su cike gurbi.

Madobiya kuwa, mai zarto zai kā da ita kafin ki sauke tukunyar shinkafa. Amma yarinyar da ta shuka irinta tana aji ɗaya, sai ta kusa ganin jika kafin itacen ya kai kaurin wanda a ka sare. Wannan shi ne dalili na farko.

Na biyu, masu sara ba su ɗaukar ko wace. Zaɓe su ke yi, su ɗauki mafi kauri da mafi miƙewa, waɗannan kuwa su ne iyaye masu zubar da iri da yawa. Daidai ne da a buɗe rumbu a daka geron da a ka ajiye don shuka. Waɗanda su ka rage kuma, sabo da sun yi kaɗan, makiyaya sun fi matsa musu da sassabe, itacen da a ke aske wa rassa kowace shekara kuwa ba ya samun yin fure sosai, balle 'ya'ya. 'Yan ƙananan da su ka tsiro, wutar daji ta babbake wasu, awaki su cinye wasu.

Na uku, kanari ya iya zama da mutane. In an share daji an yi gona, shi gaba ta kai shi, don ciyawar gefen gona da tsintar masussuka sun ishe shi. In wuri ya ɓaci, yana da fiffike. Itace kuwa inda ya tsiro nan zai tsaya har mai gatari ya same shi.

Kada ku ce ai tsuntsu ba ya ƙarewa. Ku dubi aku, mai ruwan toka da jar wutsiya. Shi ma don bakinsa a ke kama shi. Amma shi sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ƙwai, kuma ba ya yi sai cikin kogon babban itace. Masu bincike sun nuna cikin 2016 cewa a ƙasar Gana, cikin aku 100 da ke akwai a 1992, fiye da 90 sun ɓace. A taron Johannesburg ɗin nan da a ka yi maganar madobiya, nan a ka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Ashe aku, ko da ya ke tsuntsu ne, a wajen lissafi ɗan ɗakin madobiya ne. Duk abin da ke daɗewa kafin ya girma, shi ya fi saurin ƙarewa in kasuwa ta gano shi. Shi kansa kanari masana sun lura yawansa yana raguwa sannu sannu sabo da tarko. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Madobiya ma ai, shekara ashirin da su ka wuce, ba wanda ya ɗauke ta abin da zai yi wuya.

Abin Da Ke Hannunmu

Dokar ƙasashe da tsaron tashar jirgin ruwa aikin hukuma ne. Amma akwai wanda ke hannunmu mu mata. Madobiya tana da wata baiwa: kututturenta ya kan tofo in ba a ƙone shi ba. In akwai irinsa a gonarku, ki roƙi maigida kada a tara masa yayi a cinna wuta. A bar tofo ɗaya ko biyu mafiya ƙarfi, a cire sauran, a share ciyawar da ke kewaye kafin lokacin gobarar daji. Tun da saiwar uwar tana nan da ranta, ya fi na shuka saurin tashi. In kuma kin fita itacen girki, ki tsallake 'yan ƙananan, ki ɗebi busassun rassa.

Ku kuma 'yan makaranta, da bazara ku tsinto 'yan faifan nan nata in sun bushe. Ku ɓare a hankali sabo da ƙayar, ku jiƙa ƙwayar cikin ruwa kwana guda, ku shuka cikin leda ko tsohon gwangwani mai zurfi, don saiwarta doguwa ce. Cikin mako ɗaya ko biyu za ta tsiro. In damina ta kankama ku dasa a filin makaranta, ku kewaye da ƙaya don awaki. Ku roƙi malamarku a rubuta ranar dashen da sunan ajinku cikin littafin makaranta, a riƙa auna tsawonta kowace shekara. Da haka za ku ga wannan lissafi da idonku, gani kuwa ya kori ji. Ku kuma gaya wa ƙannenku maza masu keji su ɗaga wa kanari ƙafa daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin sheƙa ke nan, wanda ya kama uwa ko uba a wannan lokaci ya kashe 'ya'ya uku ko huɗu da yunwa.

Ina so wadda duk ta ke da madobiya a garinsu ta rubuto mana, ta faɗi sunan da a ke kiranta da shi a can, da abin da a ke yi da ita, da ko tana nan da yawa ko ta ragu. Ku tambayi kakanninku, sun fi mu sanin inda ta ke a dā. Wasiƙun da su ka iso za mu buga su a wannan fili.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.